Zugazugi ko makro: wanne zai fito mana da zanen lallen jaruma?

Yau babu labarin jarumar da za ta yi aure, babu na wanda ya yi faɗa da furodusansa. Maganar kayan aiki na kawo muku, domin na san cikinku akwai matasa da yawa da ke tara kuɗi a asusu don su mallaki kyamara su shigo industiri. Da su nake, amma ku ma 'yan kallo zalla ku gyara zama, akwai rabonku a ciki.

Bari in fara da tambaya. A duk finafinan Hausa da kuka kalla, sau nawa jarumi ya zura wa jaruma zobe a yatsa? Ba sa ƙirguwa. To, ku faɗa min, zoben nan wane iri ne? Na azurfa ne ko na gwal? Da dutse a kansa ko babu? Da wuya a samu mai amsa, saboda ba a cika nuna mana ba. Kyamara tana can nesa, sai dai mu ga hannuwa biyu sun haɗu, kiɗa ya tashi. Haka wasiƙar da ta raba masoya, haka layar da muguwar kishiya ta cusa a ƙarƙashin katifa, haka ɗigon hawaye a kan kwalli. Ƙananan abubuwan da labarin ya rataya a kansu, su ne ba ma gani da kyau.

A da akwai uzuri. Daga Turmin Danya na 1990 zuwa zamanin Sangaya, wajen shekarar 2000, da kyamarorin bidiyo masu kaset ake aiki, lensinsu a manne yake, abin da ya ba ka shi za ka ɗauka. Tun da kyamarori irin su Canon 5D Mark II, wadda ta fito a 2008, suka buɗe hanyar ɗaukar bidiyo da kyamarar da ake canza wa lensi, uzurin ya ragu. Yau a lokeshin za ka ga Canon da Sony birjik, kuma hoto ya yi kyau nesa ba kusa ba. Saura wannan ɗan gurbin na ƙananan abubuwa.

Matsalar a nan take: kowane lensi yana da iyakar kusancin da zai iya gani tar. Lensi mai milimita 50 na yau da kullum, idan ka matso ƙasa da kamar santimita 45, hoto zai koma dishi-dishi, ko ka murza fokas har ya ƙure. Ka gwada da idonka ma. Kawo yatsanka daf da hancinka, za ka ga ya ɓace maka. Don lensi ya ga abin da ke kusa sosai, dole a nesanta shi daga sensa, wato farantin da ke karɓar hoto a cikin kyamara. Hanyoyi biyu ne manya na yin haka, kuma a kansu ake ta musu a majalisar masu hoto.

Ta farko ita ce abin da Turawa ke kira belos, ma'ana zugazugi. Sunan ya dace, don kama yake da zugazugin maƙera: baƙar jaka ce mai ninki-ninki, tana miƙewa tana takurewa a kan wani ɗan dogon ƙarfe. Ka ɗaura kyamara a baya, lensi a gaba, ka murza ƙusa jakar ta miƙe. Babu gilashi ko ɗaya a cikinta, duhu ne kawai da iska. Duk wanda ya taɓa ganin tsohuwar kyamarar nan mai ƙafa uku, wadda mai hoto ke lulluɓe kansa da baƙin ƙyalle, ya ga kakan wannan zugazugi.

Lissafinsa mai sauƙi ne, ko ɗan firamare zai yi. Ka raba tsawon da ka miƙa jakar da tsawon lensin. Lensi mai milimita 50, ka miƙa milimita 50, ka sami ɗaya bisa ɗaya, wato girman abin a kan sensa daidai yake da girmansa a zahiri. Babbar sensa faɗinta milimita 36 ne, tsayinta 24, ke nan zobe guda zai kusa cika talabijin ɗinka. Ka miƙa 100, ka ninka biyu. Ka miƙa 150, ka ninka uku. Zugazugin Nikon da ake kira PB-6 yana miƙewa daga milimita 48 har 208, don haka da lensi mai 50 zai kai ka wajen ninki huɗu.

Hanya ta biyu ita ce lensin makro, wanda aka ƙera musamman don wannan aiki. Shi a cikin cikinsa yake yin miƙewar, gilasansa suna matsawa da kansu yayin da kake murza fokas. Wani Bajamushe mai suna Heinz Kilfitt ne ya fitar da na farko irinsa don ƙananan kyamarori a 1955, ya kira shi Makro-Kilar. Daga baya Nikon ta yi suna da Micro-Nikkor mai milimita 55, Tamron da mai 90, Canon da mai 100. Yawancin na zamani suna tashi daga hango dutsen Gwauron Dutse su sauko har ɗaya bisa ɗaya ba tare da ka kwance komai ba. A nan kuma mafi yawansu ke tsayawa.

Ni a Ɗorayi nake zaune, kuma a nan na ga kayan nan biyu suna aiki a hannun mutum biyu da ba sa taɓa yarda da juna. Na farko wani dattijo ne mai shagon hoto, wanda duk unguwa ke kira Baba. Unguwarmu ta ma'aikata ce, da asuba za ka ga mutane sun nufi Sharaɗa, wasu sun bi hanyar Fanshekara zuwa Challawa, wasu sun tsallaka gari zuwa Bompai. A shekarun 1980 da 1990, kafin masaƙu da yawa su rufe, Baba ya ci abinci da waɗannan kamfanoni. Masu jima suna so su aika wa masu saye a Italiya da Sifaniya hoton fata yadda za a ga ƙwayar jikinta, masu yadi suna son hoton saƙa zare-zare. Babu intanet, babu waya mai kyamara. Sai a kawo wa Baba yankin fata kamar tafin hannu, ya shimfiɗa a tebur, ya ɗaura zugazuginsa, ya kashe fanka don kada komai ya motsa.

Har yau kayan na nan a cikin wata akwatin ƙarfe, a naɗe da tsohon zani. Lensin da yake ɗaurawa a gaba ma ba na kyamara ba ne, na injin faɗaɗa hoto ne na ɗakin duhu, wanda ya cire lokacin da wankin hoto da ruwan magani ya mutu. Irin wannan lensi an yi shi ne don kallon abu shimfiɗaɗɗe daga kusa, shi ya sa hoto ke fita tar har kusurwa. Kullum Baba cewa yake, "Ku yaran yanzu kuɗi kuke zubawa a inda ya kamata ku zuba haƙuri."

Na biyun abokina ne, mai ɗaukar hoto a finafinai masu dogon zango da ake sakawa a YouTube. Shi kuma ra'ayinsa zugazugi kayan gidan tarihi ne, a kai shi Gidan Makama a ajiye. Sai ga shi wata rana darakta ya ce masa lallai yana son kulozof na zobe a hannun amarya, a ga zanen lallen da ke zagaye da yatsar. Abokina ba shi da makro, kuɗin haya kuma furodusa ya ce babu. Ya sauke girman kai ya je wajen Baba aro. Na bi su lokeshin don in ga yadda za ta kaya.

Tirƙashi! Abu na farko, da aka ɗaura zugazugin sai aka tarar ba ya iya ja da baya. Ko an takure shi ƙurmus, da lensi mai 50 daga wajen ɗaya bisa ɗaya yake farawa, ga zobe ya cika fuska amma babu halin a ga sauran hannun. Na biyu, sai da bakin lensi ya matso ƙasa da santimita 10 daga yatsar, inuwar kyamara ta rufe zoben. Na uku, duhu. Duk wanda ya nesanta lensi daga sensa ya yi asarar haske: a ɗaya bisa ɗaya sai ka ninka hasken sau 4 kafin ka koma inda kake, a ninki biyu sau 9, a ninki uku sau 16. Mai hoton kati zai iya barin kyamara a buɗe daƙiƙa biyu ko uku ta sha haske. Mai bidiyo ba shi da wannan gata, domin hoto 25 yake ɗauka a kowace daƙiƙa. Sai dai a ƙara fitila, fitila kuma janareta take ci.

Babbar matsalar ita ce ta huɗu. A ɗaya bisa ɗaya, ko ka tsuke ƙofar haske zuwa lamba 8, kaurin wurin da ke fita tar bai wuce milimita 1 ba. Hannun mutum kuwa ba ya tsayawa cak. Jaruma tana numfashi, jini yana bugawa a yatsa, ta gaji da miƙa hannu. Zobe ya fito, zobe ya ɓace. Abokina yana neman fokas ta hanyar murza ƙusoshi biyu, rana tana faɗuwa, furodusa yana duba agogo yana cewa, "Malam, mu fa kuɗin gidan nan na yini ɗaya muka biya." Jarumar ta ce, "Don Allah Yaya, hannuna ya sage." Aka kusa cinye awa guda, aka tashi babu abin kirki.

Bayan sati guda aka sake ɗaukar fitowar da lensin makro mai milimita 100 da aka samo haya. Shi ma yana cin haske, shi ma kaurin fokas ɗinsa siriri ne, wannan dokar ba ta ƙyale kowa. Bambancin shi ne abokina ya tsaya nesa kaɗan, tazarar kamar santimita 15 ko fiye, fitila ta sami hanyar shiga. Ya fara daga fuskar amarya, ya gangaro kafaɗa, ya sauka a kan zobe, duk a ɗauka guda, yana bin hannun da murza fokas guda ɗaya. Kafin a gama raba ruwan leda an wuce wurin. A ranar ya dawo majalisa yana cika baki, wai ya gama da Baba.

Ashe da sauran rina a kaba. Da aka zo haɗa hotunan buɗe fim, inda sunaye ke fitowa, darakta ya ce yana son zaren ɗinkin hular jarumi ya cika fuskar talabijin, a ga yadda allura ta bi kowane gida. Wurin da yake so faɗinsa bai wuce milimita 12 ba, wato ninki uku. Makro ya kai ɗaya bisa ɗaya ya ce nan ya tsaya. Aka gwada faɗaɗawa a kwamfuta, hoto ya farfashe. Sai ga abokina a ƙofar shagon Baba da hula a hannu, yana sosa ƙeya.

Baba bai ce masa komai ba. Ya kafa hular a kan ƙwarya, ya miƙa jakarsa milimita 150, ya sa fitila a gefe ta yadda kowane zare zai yi inuwa. Hula ba ta numfashi, ba ta gajiya, ba ta da furodusa. A wannan girma kaurin fokas bai fi kashi ɗaya cikin biyar na milimita ba, don haka aka riƙa matsar da kyamara kaɗan-kaɗan ana ɗauka, har hoto wajen 30, abokina ya haɗe su a Photoshop suka zama guda. Da hoton ya fito a allon kwamfuta, wallahi sai da muka yi shiru. Zaren nan da muke gani kullum a kan mutane ya koma kamar igiyoyin rijiya da aka kitsa. Baba ya leƙa ya ce, "To, ɗan zamani, injinka ya iya wannan?" Abokina ya ce, "Baba, a yi haƙuri." Aka yi dariya, aka aika a sayo shayi.

To, mai karatu, ka ga amsar da kanka. Kafin ka tambayi wanne ya fi, tambayi kanka me za ka ɗauka. Idan abin yana da rai, yana motsi, kuma akwai mutum 20 a tsaye suna jiran ka, makro ne abokin tafiyarka. Ga ƙarin riba, mai milimita 90 ko 100 yana fitar da fuska da kyau, da shi za ka yi hoton fosta da na biki, ya mayar maka da kuɗinsa. Idan kuwa abin a kwance yake a tebur, kana da lokaci, kuma kana son wuce ɗaya bisa ɗaya, zugazugi zai kai ka inda makro na yau da kullum ba ya zuwa, a kan kuɗi kaɗan. Ita kanta Canon da ta so wuce wannan iyaka, a 1999 ta fitar da MP-E 65 mai ninkawa daga ɗaya zuwa biyar, amma shi ma ba ya ganin nesa, kuma sai a kan ƙafa uku yake jin daɗin aiki. Wato ya ɗauko halin zugazugi.

Ga wanda zai shiga kasuwa, akwai abubuwan lura. Sabon makro mai suna kuɗinsa na iya kamo na babur, don haka yawancinmu na hannu muke nema. A kula, akwai lensin zum da yawa da aka rubuta wa kalmar makro a jiki alhali ɗaya bisa huɗu ko bisa uku kawai suke kaiwa. Ka nemi inda aka rubuta 1:1, ko aƙalla 1:2, kuma ka gwada a kan kwabo ko ƙwayar gero kafin ka ƙirga kuɗi. Idan zugazugi za ka saya, shiga ɗaki mai duhu ka kunna tocila a cikinsa. Duk inda haske ya ɓullo, to zafi ya cinye ninkin, kuma ta nan haske zai shiga ya ɓata maka hoto. Ka sani kuma a yawancin zugazugi babu wayar lantarki tsakanin gabansa da bayansa. Lensin zamani da ba shi da zoben ƙofar haske a jikinsa, kamar yawancin na Canon EF, ba zai ji maganarka ba. Tsohon lensi mai zobe za ka nema, da ɗan ƙarfen da zai haɗa zugazugin da kyamararka.

Sai maganar ƙura. Mu nan Kano ne. A lokacin hunturu, duk miƙewar da jakar nan ta yi iska take zuƙa, iskar kuma a kan sensa take sauke kayanta. A irin wannan girma kowace ƙwayar ƙura baƙin ɗigo ce a hotonka. Baba sai ya yayyafa ruwa a ƙasa ya rufe ƙofa kafin ya buɗe akwatinsa. A lokeshin na waje wa zai ba ka wannan dama?

Wanda aljihunsa bai kai ko ɗaya ba, kada ya karaya. Akwai zobban ƙari da ake sawa tsakanin lensi da kyamara, aikinsu ɗaya da zugazugi sai dai tsawonsu a yanke yake, kuma wasu suna da wayar lantarki a ciki. Akwai gilashin da ake ɗaurawa a bakin lensi kamar tabarau. Akwai dabarar juya lensi baya ya koma gaba. Wayoyi ma sun shigo, iPhone 13 Pro ta 2021 tana gani daga santimita 2, ko da yake kana matsowa haka inuwarka ta riga ka isa. Duk waɗannan sun isa mutum ya koyi yadda haske da fokas ke canza hali a kusa. Idan ka samu dattijo irin Baba a unguwarku, ka je ka zauna. Wata guda a gaban zugazugi zai koya maka lissafin da makro ke ɓoye maka, ranar da ka riƙe makro kuma ba za ka yi ta lalube ba.

Wani zai ce duk wannan wahala a kan zobe? Ai abin ya wuce zobe. Wani malamin zane a Jamus, Karl Blossfeldt, da kyamarar da ya haɗa da hannunsa ya ɗauki tsirrai yana ninka girmansu har sau 30, littafinsa na 1928 har yau ana koyarwa da shi. A Faransa an yi fim sukutum a kan ƙwari, Microcosmos, a 1996, aka nuna shi a bikin Cannes. A nan gida Nijeriya, marigayi J.D. 'Okhai Ojeikere ya fara ɗaukar kitson mata a 1968, ya tara hoto kusan dubu. Nasa ba makro ba ne, amma ya matso kusa da abin da kowa ke wucewa bai kalla ba, kuma saboda shi akwai kitson da ya ɓace a kai amma yana nan a takarda.

Mu fa? Muna da ɗinkin aska takwas a wuyan babbar riga, da zanen da 'yan marinar Ƙofar Mata ke ɗaurewa kafin su tsoma a baba, da aikin dukawa a kan jakar fata a Kasuwar Kurmi, da sassaƙen ƙwarya, da lallen da ke canza salo kowace shekara. Masu yin wasu daga cikin waɗannan sana'o'i tsufa suke yi, kayan kanti kuma suna ture su. Finafinanmu su ne ke shiga gidajen Hausawa daga Kano har Maraɗi da Kumasi da Sudan. Idan kyamararmu ta ci gaba da tsayawa a bakin ƙofa, jikokinmu za su ga rigar amma ba za su san yadda aka ɗinka ta ba.

Don haka ina kira ga daraktoci, ku riƙa rubuta irin waɗannan ɗauka a cikin tsarin aiki tun daga gida, don furodusa ya san da kuɗin hayar makro a kasafi. Abin da ba ya motsi, kamar wasiƙa da laya da hula, a ware masa rana daban a ɗaki, ba sai jarumai na wurin ba. Ku kuma 'yan kallo, fim na gaba da za ku kalla ku sa ido, idan aka zo wajen zoben ku ga ko za a nuna muku. Idan an nuna, ku rubuto mana sunan fim ɗin da na mai ɗaukar hoton, mu yaba masa a wannan shafi, don su ba a cika tunawa da su ba.

Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, idan Allah ya kai mu. Na bar ku lafiya.